Kwalliyar Tsamiyar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa itatuwan surukina kwalliya, ko da kuwa na so in manta, don mutanen ƙauyen ba za su bar ni ba. Har yanzu in na bi hanyar Auyo a kan babur sai wani ya miƙe daga cikin shinkafa ya ɗaga min hannu ya ce, "Malam, har yanzu Ciyaman bai iso ba?" Ni kuma in ƙara wuta kamar ban ji ba.

Bari in fara gaya muku aikina, don kada ku ɗauka taɓin hankali ne. Ni lebura ne a wani ofishin gwamnati a Haɗeja, ɓangaren shara da kula da shuke-shuke. A firamare karatuna ya tsaya, amma aikina na san shi. A wurinmu akwai magana ɗaya da in ogana ya faɗe ta kowa ya san babban baƙo na tafe. Zai leƙo ta taga ya ce, "A yi baƙi da fari." Shi ke nan. Sai a ɗauko bokitai da buroshi, a bi duwatsun bakin hanya da gindin kowace darbejiya, a shafa fari, a shafa baƙi, zobe bisa zobe, har daidai ƙugun mutum. Shekara da shekaru ina wannan aiki, kuma ba yabon kai ba, layina ba ya karkacewa. Sauran leburori da ido suke aunawa. Ni sai na ɗaura igiya.

Halina kuma, ni mutum ne mai yawan damuwa. In na kulle ƙofa sai na yi nisa in dawo in girgiza kwaɗon. In na gaida mutum ya amsa a gajarce, ranar nan zan wuni ina binciken abin da na yi masa. Matata takan ce, "Baban Ummi, wata rana damuwar ce da kanta za ta gaji da kai ta yi yaji."

Sai Bilki, ƙanwar matata, autarsu. Kun san tsakanin mutum da ƙanwar matarsa wasa ne, to na Bilki ya wuce wasa, ya zama sana'a. A Kano take zaune da mahaifiyarsu, ta yi karatun ɗaukar hoto, kuma tana da wata kyamara mai dogon baki da take riƙewa kamar jariri. Na taɓa ganin wasu ƙafafun ƙarfe da take ɗora kyamarar a kai, na tambaye ta da zuciya ɗaya ko na shanya ne. (Sun yi kama, wallahi.) Shekara guda cur in ta kira ni sai ta fara da, "Mijin Yaya, kayan sun bushe?" Tun daga nan na ɗauki alkawari tsakanina da kaina: ba zan sake yi wa yarinyar nan tambaya a kan aikinta ba.

Wata ranar Laraba da kaka, ruwa ya fara janyewa ana girbin shinkafa, sai ga wayarta. A ranar babu maganar shanya. Ta ce idon Inna, surukata ke nan, yana ƙara dusashewa, kuma likita bai ba su wani tabbaci ba. Ƙafafunta kuma ba za su iya doguwar tafiya a mota ba. Ta ce kullum Inna maganar itatuwan Baba take yi. Marigayi surukina yana da gona a fadama, a wani ƙauye kan hanyar Auyo, kuma a bakin ruwan akwai wata tsohuwar tsamiya, da kanya a gefenta, da 'yan giyayya a jere. A gindin tsamiyar nan ya yi rabin rayuwarsa. Nan yake gyaran komarsa ta kamun kifi, nan yake salla, nan Inna take kai masa abinci tun tana amarya. Ruwa kuwa ya daɗe yana cin gaɓar, saiwoyin tsamiyar duk sun fito waje, ta karkata kamar mai ruku'u. Kowa ya gan ta sai ya ce da wuya ta ga bayan wata damina.

Bilki ta ce, "Ranar Asabar zan zo in ɗauko wa Inna hotonsu tun tana iya gani. Ɗaukar aure gare ni ranar Lahadi, don haka yammar nan ɗaya ce da ni. Itatuwan nake so baƙi da fari. Don Allah, Mijin Yaya, komai ya zama a shirye kafin la'asar."

Na ce, "Baƙi da fari?"

Ta ce, "Baƙi da fari. Ko akwai matsala?"

Na ce, "Haba, wace irin matsala. Ai aikinmu ne."

Na ji ta yi 'yar dariya, ta kashe wayar.

In faɗi gaskiya, wani abu ya ɗan taɓa ni a rai. Na ce a zuciyata, me tsohuwa za ta yi da itatuwa masu zobe? Amma nan da nan na ba kaina amsa: ai idonta ne ya raunana, fari da baƙi za su fi fito mata. Kun ga yadda damuwa take? Ita ke kawo tambayar, ita ke kawo amsar, kuma duk biyun ba na alheri ba. Hoton zamanin da irin na kakanninmu kuwa, mu marar kala muke ce masa, ko tunaninsa bai zo min ba.

Na gaya wa matata cewa Bilki tana so a shirya itatuwan. Ban yi mata bayani dalla-dalla ba, don na so abin ya zo musu da mamaki. (Ya kuwa zo.) Ta ce, "In akwai abin da ba ka gane ba ka kira ta ka tambaye ta mana." Na ce babu abin da ban gane ba. Na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Duk lokacin da na kai yatsa kan sunanta sai in ji muryarta tana cewa kayan sun bushe.

Sai wata damuwar ta taso. Fenti zai iya cutar da tsohuwar bishiya, kuma ba zan so a ce ni na ƙarasa tsamiyar surukina ba. Don haka na yanke shawarar in yi na gargajiya. Fari, farar ƙasa. Baƙi kuwa gawayi da ƙaro, irin yadda ake haɗa tawada. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, matata ta tafi barkar suna, na jawo turminta na daka gawayi har hannuna ya yi kanta. Na wanke turmin, na sake wankewa, na kife shi a bayan ɗaki ina fatan ba za a yi daka ba sai mako ya zagayo.

Asabar da na idar da sallar asuba na ɗaure bokitai a bayan babur na kama hanya. Na tarar da itatuwan cikin raɓa, shiru, tsuntsaye na ta hidimarsu. Na yi wa surukina addu'a, na naɗe hannun riga, na ɗaura igiyata.

Jama'a, na yi aiki. Ban taɓa yi wa gwamnati irin aikin da na yi wa tsamiyar nan ba. Ɓawonta duk tsaga ne, sai da na riƙa cusa bakin buroshi cikin kowace tsaga don kada a ga gurbi. A ɓangaren da ke kallon gona akwai wani wuri mai sulɓi da farar ƙasa ta ƙi kamawa. Na jira ta bushe na sake shafawa, na kuma sakewa, har ya yi fes. Na koma kan kanya, na bi giyayya ɗaya bayan ɗaya. Da na ga akwai ragowar farar ƙasa sai na tsinto duwatsu na jera su a bakin hanyar da za a bi, su ma na yi musu.

Ina cikin haka sai ga Baba Bukar ya taso da kwalekwalensa daga duba koma. Tsohon masunci ne, maƙwabcin gonar, abokin marigayi tun ƙuruciya. Ya tsaya da sandar tuƙi a hannu ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Surukin Malam, lafiya? Wa zai zo?"

Na ce, "Daga Kano za a zo ɗaukar hoto, Baba. Da la'asar."

Ya ce, "Daga Kano?"

Na ce, "Daga Kano."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya juya kwalekwalensa da wani irin sauri da ban san yana da shi ba. Da na ce masa Bilki ce, da magana ta ƙare, don a hannunsa ta girma. Amma na ce "za a zo", saboda hakan ya fi nauyi a baki.

Na koma gida na yi wanka, na goge faratana da soso har suka yi ja, na sa farar shaddata ta Juma'a. Bilki ta iso bayan azahar, ta ci abinci, muka yi la'asar da wuri. Ita da yayarta suka shiga adaidaita, ni ina gaba a babur kamar ɗan rakiyar gwamna. Inda hanya ta ƙare muka sauka, muka hau jingar da ta ratsa gonakin shinkafa. Na karɓi ƙafafun shanyar nan na saɓa a kafaɗa, ban ce uffan ba a kansu.

Rana ta fara karkata. Bilki tana tafe tana ɗaga kai tana murmushi.

Ta ce, "Yaya, kin ga hasken nan? Shi na biyo tun daga Kano. Da tsakar rana bishiya ba ta da fuska, komai a baje yake. Amma in la'asar ta yi sakaliya, hasken ta gefe yake zuwa, sai ya shiga kowace tsaga ta ɓawo, ki ga bishiya kamar fuskar tsoho. Kin tuna inda Baba yake jingina? Wurin da bayansa ya goge har ya yi sulɓi?"

Matata ta ce, "Na tuna mana."

"Shi nake so Inna ta gani. Shi ta fi ambata."

Na rage sauri.

Bilki ta ci gaba, "Shi ya sa ba zan sa kala ba. Kin san hoton Baba ɗaya tal da muke da shi, na lokacin samartakarsa, baƙi da fari ne. Zan wanke wannan ma haka, in rataye su gefe da gefe."

Ban san ko kun taɓa jin ƙafafunku suna tafiya alhali ku kun tsaya ba. Haka na ji. Hoton ne baƙi da fari. Hoton. Ba itatuwan ba. Na san hoton nan, na sha ganinsa a ɗakin Inna, surukina da hula a karkace. Gumi ya keto min daga ƙeya har ƙugu.

Na ce, "Bilki, anya ba gobe za mu dawo ba? Kamar akwai hadari."

Ta dubi sama. Ko ƙyallen girgije babu.

Na ce, "Kuma an ce bana macizai sun yi yawa a wajen."

Ta ce, "Mijin Yaya, ai kai ne a gaba."

Ina neman ƙarya ta uku sai muka ji kalangu.

Muna shawo kwanar wata kacalla, doguwar ciyawar nan da ta cinye mana rabin fadama, sai ga komai a fili. Ga itatuwan surukina sun sha zobe fari da baƙi, suna walƙiya cikin hasken yamma kamar ƙofar sakateriya. Ga duwatsuna a jere. A gindinsu kuma ga ƙauye guda. An shimfiɗa tabarmi, an jera benci, an kawo kujerun roba daga makarantar firamare, har da wata mai hannu da aka lulluɓe da darduma aka ajiye a tsakiya. Maza sun sha manyan riguna, wasu da alama daga girbi aka kira su don ƙafafunsu duk taɓo ne. Mata sun yi cincirindo a gefe. Ashe Baba Bukar ya kai labari cewa an yi wa itatuwa fenti kuma 'yan hoto na tafe daga Kano. Kowa kuwa ya san abin da fenti a gindin bishiya yake nufi. Kafin azahar labarin ya zama Ciyaman na ƙaramar hukuma ne zai zo rabon taki. Kafin la'asar an ƙara da injin ban-ruwa.

Mai unguwa ya taho da sauri yana gyara rawani. Ya dubi kyamarar da ke wuyan Bilki, ya rusuna kaɗan.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, sannunku da hanya. Sauran tawagar suna baya ne?"

Matata ba ta kula shi ba. Zoben baƙin take kallo, ta matsa ta shafa da yatsa, ta shinshina. Sai ta juyo ta ce da ƙarfi, "Innalillahi! Turmina!"

Ni dai Bilki nake kallo, ina jiran dariyar. Na shirya mata, na ce ko ta shekara goma ce zan ɗauka. Amma ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ta wuce ta tsakiyar mutane, ta je gindin tsamiyar, ta tsaya a gaban wurin nan mai sulɓi da na yi wa shafi uku. Ta ɗora tafin hannunta a kai. Mai kalangu ma ya ji a jikinsa, ya tsaya.

Ta ce a hankali, ba ta juyo ba, "Mijin Yaya, wa ya yi wannan?"

Ina da damar in ce ban sani ba. Amma igiyata tana nan rataye a reshen kanya inda na manta da ita, ga Baba Bukar yana tsaye yana nuna ni da haɓa cikin alfahari.

Na ce, "Ke kika ce baƙi da fari." Na so in faɗa a hankali, amma wurin ya yi tsit, har na ƙarshen benci ya ji.

Ta juyo ta dube ni. Ta dubi itatuwan. Ta dubi kujerar da aka lulluɓe da darduma. Sai ta zauna daɓas a kan saiwar tsamiyar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dariya take yi, amma da ta buɗe fuskar na ga hawayen ba duka na dariya ba ne.

Matata ce ta yi wa jama'a bayani, kuma ba ta rage min komai ba. Baba Bukar ya leƙa fuskar Bilki ya ce, "Kai! Autar Malam ce ashe! Ke ce Kanon?" Dariya ta fara daga wajen mata ta bi benci-benci. Wani tsoho ya tambaya, da gaske yake, "To takin fa?" Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, na dakatar da mutane daga girbi. Na ari darduma a masallaci." Mai kalangu kuwa, Allah ya shirye shi, nan take ya sama min kirari, wai na mai buroshi angon tsamiya.

Na ce zan wanke, ai gawayi ne ba fenti ba. Na fizgi wani bokiti na kamfato ruwa na watsa, na hau dirza da ciyawa. Baƙin ya narke ya gangara cikin farin, farin ya maƙale a cikin tsagogin da na cusa shi da hannuna. Abin da ya fito ya fi na farko muni, wani irin toka-toka kamar jaki ya yi birgima. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Inuwar giyayya ta miƙe har cikin gona, hasken ya fara ja.

Bilki ta ce, "Bari. Don Allah bari haka nan."

Ta miƙe ta goge ido. Ta zagaya itatuwan, ta durƙusa, ta miƙe, ta kare ido da hannu ta kalli rana, ta kalli ruwan da ke gabas da gaɓar. Sai ta ce, "Baba Bukar, ara min kwalekwalenka. In na koma cikin ruwa rana za ta zama a bayansu. Ɓawon dai na rasa shi, amma zan samu tsayuwarsu."

Matata ta kwashe jama'a da benci da tabarmi ta mai da su can gefe, kamar mai korar kaji daga shanya. Baba Bukar ya tura Bilki cikin ruwa. Sai dai kwalekwale ba ya tsayawa cik, ita kuma ta ce ko ɗan motsi zai ɓata hoton, sai wani ya shiga ya riƙe mata bakinsa. Duk ƙauyen suka juyo suka kalle ni.

A nan sai in faɗa muku wani sirri. Haifaffen Haɗeja ne ni, amma ban iya iyo ba. Ko gada zan haye sai na karanta abin da ya sawwaƙa. Amma mutumin da ya tara gari a kan takin da babu shi ba ya da bakin cewa yana tsoron ruwa. Na tuɓe takalmi, na shiga da farar shaddata. Taɓo ya kama ni zuwa gwiwa, ruwa ya kawo min ƙirji, wani abu mai sanyi ya shafi ƙaurina ya wuce. (Har yau ban tambayi ko mene ne ba.) Na rungumi bakin kwalekwalen kamar wanda za a ƙwace wa.

Bilki ta ce, "Kada ka motsa."

Na ce, "Ba na motsi."

"Rawa kake yi. Har nan nake jin ta. Ka daina numfashi ma in da hali."

Na riƙe numfashi. Daga inda nake, haɓata kusan a kan ruwa, na ɗaga ido na kalli itatuwan. Ranar ta sauko daidai bayan tsamiyar, hasken yana tsiyayowa ta tsakanin ganye, saiwoyin nan da ruwa ya tone sun fito kamar yatsun hannu sun dafa gaɓa. Na sha zuwa wurin nan, amma aiki nake zuwa yi, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Sai ga balbelu sun taso daga wajen shanu, garke guda, suna dawowa kwana. Suka riƙa sauka a kan kanya da tsamiyar ɗaya bayan ɗaya. Na ji kyamarar tana ƙyas, ƙyas, ƙyas a saman kaina, Bilki ko tari ba ta yi.

Da hasken ya tafi sai ta sauke numfashi, ta sunkuyo ta nuna min ɗan gilashin bayan kyamarar. Itatuwan sun fito baƙi ƙirin tun daga saiwa har ƙoli, sama fari tas, ruwan yana sheƙi a ƙasa, fukafukan balbelu sun kama haske kamar an watsa auduga. Karkatar tsamiyar nan tana nan yadda take. Zobena kuwa ko ɗaya bai fito ba.

Ta ce, "Ka gani, Mijin Yaya? Ashe akwai waɗanda suka riga ka samun kwangilar."

Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Amma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya, can ƙasan raina na ɗan ji haushi. Rabin wuni ina auna layi da igiya, a ce ko alamarsa babu.

Ina fitowa daga ruwan, shadda ta manne a jiki, rabi taɓo rabi gawayi, ga ganyen bado a kafaɗa, sai na ji ƙyas. Wannan da wayarta ta ɗauka, kuma mai kala ne.

Bayan 'yan makonni muka je Kano gaida Inna. Na so in ce ina da aiki, matata ta ce ko Ciyaman ne da kansa zai zo sai na je. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, kaina a ƙasa, na gaishe ta. An wanke hoton babba, an sa shi a gilashi, an rataye shi kusa da na marigayi, ƙasa-ƙasa yadda za ta kai. Inna ta sa aka kama ta ta miƙe, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta bi karkatar tsamiyar da yatsa. Ta ce, "Ta tsufa ita ma." Ta gangaro da yatsan zuwa gindin, inda babu abin da ake gani sai baƙi, ta tsaya daidai wurin da yake jingina. Ta ce, "Nan ne." Ta daɗe da yatsanta a wurin. Ɓawon da na rufe mata ba ta gan shi ba, kuma ba za ta gan shi ba, don tsamiyar ta faɗa ruwa da damina ta zagayo. Wannan yana nan a raina.

Da aka zaunar da ita sai ta gyara mayafi. Tunda na auri 'yarta Inna ba ta taɓa yi min magana doguwa ba, ballantana wasa, tsakaninmu gaisuwa ce da kunya. Ranar ma ba ta dube ni ba. Matata ta kalla, ta ce da murya a natse, "Ki ce da Malam an gode, Allah ya yi albarka. Kuma in ya samu sarari, akwai darbejiya a ƙofar gidan nan, ita ma ta daɗe ba ta ga baƙo ba."

Bilki ta faɗi a kan katifa. Matata ta toshe baki da gefen zane. Inna kanta kafaɗarta na motsi a ƙarƙashin mayafi. Ni kuwa ina durƙushe a bakin ƙofa, sai na ji bakina ya ce, "To, Inna, in sha Allahu."

Abin da na koya bai da yawa. In ƙaramar kunya ta zo maka, irin ta a ce ba ka sani ba ka tambaya a yi maka dariya, ka karɓe ta hannu biyu ka ba ta wurin zama. In ka kore ta, ba fushi take yi ba. Gida take komawa ta turo maka yayarta, ita kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, sai da mai unguwa da mai kalangu.